Gamzaki a Bayan Hayaƙi

Ƙarfe huɗu na asuba a Ulanbator,
ni, Dolgor, nake fara tashi.
Ruwan buta ya daskare, yatsuna sun ƙi lanƙwasuwa.
Na durƙusa gaban murhu kamar mai neman gafara,
na cusa masa kwal, na hura, na kau da kai.

Haka maƙwabciyata take yi, haka na bayanta,
tanti dubu kan dubu a gindin tudu,
kowanne da bututunsa a tsaye.
Kafin rana ta leƙo mun gama ɗinke mata ido
da baƙin zaren hayaƙi.

Duwatsu huɗu suka kewaye garin nan.
Sanyi na sauka sai ya kife mu, murfi kan tukunya.
Abin da muka hura ba ya zuwa ko'ina,
yana nan zaune bisa kanmu,
jira yake mu buɗe baki.

Jikana Tsolmon, shekara uku da wata biyu.
Ubansa Purev ya raɗa masa sunan,
a harshenmu, gamzaki ke nan.
Yaron bai taɓa ganin takwaransa ba.
Na ɗora shi a kafaɗa na nuna masa gabas,
ya ce, "Kaka, ina?"
Ragowar maganar ta tafi da tari.

Da ina da tumaki ɗari uku,
da raƙuma biyu masu tozo bibbiyu,
a filin da iska ake shanta kamar ruwan rijiya.
Hunturu guda ya rufe ciyawa da ƙanƙara,
suka mutu a tsaitsaye.
Muka naɗe tanti muka shigo birni.

Kowace safiya ina watsa wa sama madara
yadda uwata ta koya mini.
Yanzu ban san wa nake watsa wa ba.
Ɗigon yana faɗowa kan ƙanƙara mai launin toka.
Itatuwan bakin titi sun yi baƙi kamar gindin kasko,
tsuntsayen da ke tsince mana ɓarɓashi sun ragu,
farin ɗankwalin da na shanya jiya
na ɗauke shi ya fi kafin wanki datti.

Tsoho Sodnom, in kuɗin kwal ya ƙare,
tayar mota yake yayyankawa.
Ba na zaginsa.
Na ga ƙafar matarsa da sanyi ya ci.

A asibiti babu gado, yara har a baranda,
kowanne ƙirjinsa na kukan tsohuwar ƙofa.
Likita ta ɗaga hoton huhunsa ga fitila,
ta daɗe ba ta ce komai ba,
sannan ta ce, "Ku nisanta shi da hayaƙi."

Na ce, likita, zuwa ina?
In na kashe wuta, sanyi ya ɗauke shi kafin gari ya waye.
In na hura ta, ta riƙa gutsurarsa kaɗan-kaɗan,
kuma da hannuna nake ba ta abinci.
Gaba kura, baya sayaki.

Masu gidajen bene, can inda ɗumi ke zuwa ta bututun ruwa,
suna nuna tudunmu da yatsa ta bayan gilashi.
Su nuna. Iskar ba ta san unguwa ba,
'ya'yansu ma na ji suna tari.

Purev ya ce in ciyawa ta tsiro
zai kai yaron wurin ƙanena a Arkhangai,
a tashe shi da asuba, a fito da shi cikin bargo,
ya ga tauraronsa, ya cika ƙirji.

Amma yau sha tara ga Janairu.
Yana barci, bakinsa a buɗe,
ina ƙirga kowane numfashi.
Garwashin ya fara lumshewa.
Na sake miƙa hannu cikin buhu,
na ɗebo baƙi.